Daga Tiga Zuwa Riruwai: Da Wane Ma'auni Ake Auna Ci Gaban Fasaha?

Daga Wakilinmu

A cikin shekarar 1977 wani Ba'amurke mai suna Marc Miller ya fito da wani wasa da ya raɗa wa suna Traveller, wanda kamfanin Game Designers' Workshop ya buga cikin wasu ƙananan littattafai guda uku masu baƙin bango. Wasan ba irin dara ba ne, ba kuma karta ba. Mutum huɗu ko biyar ne za su kewaye tebur da takarda da fensir da ƙwayar ludo guda biyu. Ɗaya daga cikinsu shi ne alƙali mai jan labari, sauran kuwa kowa ya ɗauki matsayin wani: wannan matuƙin kumbo, wancan falke, wancan tsohon soja. Daga nan sai su shiga yawo da fatar baki daga wannan duniya zuwa waccan a sararin samaniya, suna fatauci, suna faɗawa cikin haɗari suna fita.

Mai karatu yana iya tambaya, to ina ruwanmu da wasan 'ya'yan Turawa? Dalilin kawo shi a nan shi ne, a cikin ƙa'idojin wasan akwai wani ma'auni wanda idan aka ɗora shi a kan ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, zai bayyana wani abu da rahotannin ofis ba su cika bayyanawa ba.

Kowace duniya a cikin wasan tana da lamba daga sifiri zuwa sama, wadda ake kira matakin fasaha. Sifiri shi ne mutanen da ba su wuce makamin dutse ba. A tsakiya akwai masu injin tururi da jirgin ƙasa da wutar lantarki. Can sama kuma akwai masu kumbon da ke tsallakawa daga wannan tauraro zuwa wancan. Ana samun lambar ne ta hanyar jefa ƙwaya, sa'an nan a ƙara ko a rage gwargwadon yawan jama'ar duniyar, da irin mulkinta, da kuma darajar tashar da kumbo ke sauka. Tashar ita ce ta fi nauyi: mafi kyawu takan ƙara maki 6, duniyar da ba ta da tasha sam kuwa a zaftare mata 4.

Tun daga wancan lokaci masu wasan suke gardama a kan wata tambaya. Idan duniya mai mataki na 3 tana maƙwabtaka da mai mataki na 12, kuma fatake suna kai da kawowa a tsakaninsu, me zai hana kowa a ƙaramar duniyar ya mallaki na'urorin babbar? Amsar da alƙalai da dama suka tsaya a kanta ita ce, lambar ba tana auna abin da za a iya gani a hannun mutane ba ne. Tana auna abin da maƙeran wurin za su iya ƙerawa, da abin da za su iya gyarawa in ya lalace. Ana iya samun kayan waje a kewayen tasha, da tsada. Amma ran da suka tsaya, sai a zauna jiran kumbo, kuma a dokar wasan kowane tsallake mako guda yake ci, babu kuma saƙon da ke riga kumbo isa.

Mu ajiye kumbo haka nan, mu hau hanyar Zariya.

TASHAR KUMBO A KWANAR DANGORA

Duk wanda ya tashi daga Kano ya nufi kudu, yana bin wani zirin ƙasa ne wanda kusan dukkan fasahar da ta shigo jihar ta biyo ta kansa. Ta nan layin dogo ya ratso ya iso Kano a 1911. Ta nan babban titi ya bi, ta nan kuma manyan turakun lantarki suka taho daga Kaduna. Sabon layin dogo na zamani da aka aza harsashinsa a 2021 domin haɗa Kaduna da Kano, shi ma wannan fuska ce tasa. In da a cikin wasan ne, da sai a ce Kwanar Dangora ta ƙasar Kiru ita ce tashar kumbon wannan yanki. A nan matafiyi zai sami mai cajin waya, da mai na'urar cirar kuɗi, da mai sayar da farantin sola, da bakaniken da zai kwance injin babur ya mayar kafin a gama shan fura.

Daga wannan kwana hanya takan balle ta yi Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore, ta shiga ƙasar Doguwa. Gwargwadon nisan mutum daga kwalta, gwargwadon yadda abubuwan nan suke raguwa. Ba wai babu su ba ne. Wayar hannu, wadda aka fara aiki da ita a ƙasar nan cikin watan Agusta na 2001, ta kai rugar da ma'aikacin gona na gwamnati bai taɓa takawa ba. Abin da ke raguwa shi ne mai gyara. Wayar da ta mutu a ƙauyen bayan Falgore, in ta fi ƙarfin yaron da ke kasuwar mako, sai an ba direba ya kai ta kasuwar Farm Centre a Kano. Taransifomar da ta ƙone kuwa, labarinta sananne ne a karkarar ƙasar nan: a kafa kwamiti, a yi karo-karo, a yi ta sintiri, wata ya bi wata.

ABIN DA TIGA TA KOYAR

Babu wani aiki a wannan yanki da ya kai madatsar ruwa ta Tiga girma. An gina ta a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Sahel. Tsawon bangonta ya kai kimanin kilomita 6, kuma an tsara ta domin ta riƙe ruwa kusan mita biliyan 2 na awon murabba'i mai zurfi. Ko a yau, wanda ya tsaya a kan bangon ya dubi ruwan, ba zai ce a ƙasar da ake kukan ƙishirwa yake ba.

Abin lura a nan shi ne irin fasahar da aka zaɓa. Bangon na ƙasa ne da aka tara aka daddanne, aikin da injiniyoyi da direbobin katafila da leburorin gida za su iya koya su kuma maimaita, kuma sun maimaita ɗin, domin jihar ta gina madatsu da dama a waɗannan shekaru, har hukumar WRECA ta yi suna a kan wannan aiki. Haka kuma ruwan da ke tafiya gonakin Kadawa da Kura da Bunkure ba inji ke tura shi ba. Gangara kawai yake bi ta babbar magudana, ya rarrabu zuwa ƙanana, manomi ya sa ɗan bututu ya janyo shi cikin fangalinsa. Ba ya bukatar man fetur, ba ya bukatar wuta, ba ya jiran wani ƙarfe daga Turai. A ganina wannan ne sirrin da ya sa shirin noman rani na Kogin Kano, wanda aka tsara kashinsa na farko a kan kadada 22,000, ya rayu shekara hamsin yana ba da shinkafa da alkama da tumatir, alhali masana'antu da yawa da aka buɗe tare da shi sun zama kango.

Duk da haka, ko aikin ƙasa yana da haƙƙinsa. A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda, wadda take cikin ƙasar Bebeji ita ma, ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta yi ɓarnar gidaje da gonaki da rayuka. Bayan 'yan shekaru, a 1992, aka rage tsayin mazubar rarar ruwa ta Tiga saboda tsoron lafiyar bangon, abin da ya rage yawan ruwan da take riƙewa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Magudanan ruwan su ma sun cushe da laka da ciyawa, ƙofofinsu suka yi tsatsa, har sai da aka nemi rancen Bankin Duniya a ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda aka amince da shi a 2014, kafin a yi musu gyara na sosai. Wato aikin da aka gina da hannun gida, sai da aka ciwo bashi daga waje kafin a share shi. Can ƙasa kuma, mutanen fadamun Hadejia da Nguru suna da nasu ƙorafin game da yadda madatsun suka canja musu ambaliyar da suke noma da kamun kifi da ita, amma wannan zance ne na wata rana.

Sai batun wuta. Ruwan Tiga ya yi kusan rabin ƙarni yana zuba ba tare da ya kunna ko ƙwan fitila ɗaya ba. A farkon 2023 ne gwamnatin jiha ta ba da sanarwar gwajin tashar lantarki mai ƙarfin megawat 10 da aka gina a jikin madatsar, aka kuma bayyana cewa za a yi amfani da wutar wajen tafiyar da matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titunan birni. Babu mai musun cewa birnin Kano yana bukatar ruwan sha. Amma ɗalibin da ke karatu da fitilar waya a ƙauyen da ke kallon madatsar yana da damar ya tambaya, shin shi a wace duniya aka lissafa shi?

RIRUWAI: MATAKI YANA SAUKA

Masu wasan Traveller sun yarda cewa duniya tana iya gangarowa daga matakinta, ta manta abin da kakanninta suka sani. Ba sai an je sararin samaniya ba kafin a ga haka. A je Riruwai, hedkwatar ƙaramar hukumar Doguwa, cikin duwatsun da ke ƙarshen kudancin jihar, sama da kilomita 150 daga Kano.

Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai suna haƙar kuza, suna wanke ta, suna narka ta a cikin matoyar da suka gina da yumɓu, da gawayi da zugazugi. Suna da wata dabara ta zuba narkakken ƙarfen cikin siraran ramukan da aka yi da tsinken ciyawa, ya fito tamkar tsinke, a ɗaure shi dami-dami a kai kasuwa. A cikin ƙarni na 19 wasu daga cikinsu suka yi ƙaura suka kafa Riruwan Dalma a ƙasar Bauchi, suka ci gaba da sana'ar a can. Waɗannan tsinkayen ne ma'aikatan Kamfanin Neja suka gani a kasuwanni, suka bi sawunsu har suka gano arzikin kuzar da ke ƙasar Jos. Da mulkin mallaka ya kafu, sai doka ta mayar da ma'adinai mallakar gwamnati, izinin haƙa ya koma hannun kamfanonin Turawa, kuma cikin 'yan shekaru matoyun gargajiya suka mutu. Jikokin masu narka ƙarfe suka koma 'yan kwadago masu ɗaukar ƙasa a kwano. Masanin tarihi Bill Freund ya rubuta littafi a kan ma'aikatan kuzar Nijeriya a 1981, kuma ya kamata ɗalibanmu su neme shi.

A ma'aunin wasan, wannan saukar mataki ce, ko da yake a ido ci gaba aka gani, tun da an kawo injuna. Da can garin yana fitar da ƙarfe. Daga baya sai ya koma fitar da ƙasa.

An sake ɗaga Riruwai a karo na biyu cikin shekarun 1970, lokacin da Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1972, ta haɗa gwiwa da wani kamfani domin buɗe mahaƙa ta ƙarƙashin ƙasa, a bi wata jijiyar dutse mai ɗauke da kuza da tutiya wadda tsawonta ya kai kimanin kilomita 5. An haƙa rami mai zurfi, an kawo manyan injuna, an gina gidajen ma'aikata. Amma duk wannan tsari a rataye yake da farashin da ake yankewa a Landan da kayan gyaran da ake saye da kuɗin waje. Cikin shekarun 1980 aikin ya tsaya, kuma faɗuwar kasuwar kuza ta duniya a watan Oktoba na 1985 ta rufe ƙofar dawowarsa da wuri. Abin da ya biyo baya shi ne haƙar hannu: diga da shebur da kwanon wanki, da haɗarin ruftawar rami.

Wani abin mamaki shi ne, kuzar nan ita ce ake narkawa a liƙe wayoyin da ke cikin kowace rediyo da kwamfuta da wayar hannu. Ma'adinin kwalambait kuma, wanda ake samu tare da ita a irin waɗannan duwatsu, Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa fitar da shi a shekarun 1950, lokacin da Amurka take tara shi domin injunan jiragen yaƙi. Saurayin da ke wanke ƙasa a rafin Riruwai da waya a aljihunsa yana riƙe da farkon sarƙar da ƙarshenta. Tsakiyar ce, inda ilmi da riba suke, ba ta taɓa zama a garinsu ba tun da matoya ta mutu.

ME YA SA WANI INJI YA ZAUNA, WANI YA GUDU?

A ƙasar Tudun Wada, inda masara da shinkafa suke da albarka saboda damina ta fi ta arewacin jihar nauyi, ana iya ganin ma'aunin nan a gona. Zamanin shirin Ciyar da Ƙasa na 1976 da na Juyin Noma na 1980, gwamnatoci sun sayo tantan masu yawa, an buɗe sassan bayar da hayarsu. Dattawa suna tune da yadda da yawansu suka ƙare a harabar ofisoshi, an ɗora su a kan duwatsu, saboda rashin wani ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannu ba. Garmar shanu kuwa, wadda aka shigo da ita tun zamanin Turawa, tana nan daram, domin maƙerin gari yana iya yi mata baki.

Kada a ɗauka cewa manomi ƙin sabon abu yake yi. Ƙaramin injin ban ruwa ya kori jigo cikin 'yan shekaru, ba tare da an yi wa kowa lacca ba. Injin niƙa ya shiga kowane ƙauye. Babur ya karɓe aikin jaki. Injin casar masara da na shinkafa, da yawa daga cikinsu masu walda na gida ne suke haɗa su. Dukkansu abu guda ya haɗa su: kayan gyaransu suna nan a kasuwar Ƙofar Ruwa da kasuwannin mako, kuma akwai yaron da ya koyi kwance su a gindin bishiya. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, masu noman rani suka fara karkata ga injin da ke aiki da hasken rana. Ko zai zauna ko ba zai zauna ba, ba a hannun mai sayarwa abin yake ba. Yana hannun wanda zai iya gane abin da ya ƙone a cikin akwatin na'urar, ya canja shi a ranar.

INDA WASAN YA GAZA

Wajibi ne a faɗi inda kwatancen ya tsaya. Wasan yana ba duniya guda lamba guda. A Doguwa kuwa, a gida ɗaya za a tarar da matakai huɗu: uwar gida tana girki a murhun duwatsu uku, maigida yana huɗa da shanu, ɗansa yana acaɓa da babur, 'yarsa tana karanta darasi a waya. Na biyu kuma, a wasan ƙwaya ake jefawa. A nan ba ƙwaya ba ce. Inda titi zai bi, da inda turken wuta zai tsaya, da makarantar da za a ba kwamfuta, duk a kan teburin wani ma'aikaci aka yanke su.

Wannan ne ya sa zancen ya shafi masu karanta wannan shafi kai tsaye. Ana tsara dokoki a Abuja da Kano tamkar kowa a mataki ɗaya yake. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, ga ɗan birni da ɗan ƙauye baki ɗaya, alhali akwai ɗalibin da ranar jarrabawar ce ranarsa ta farko ko ta biyu a gaban na'urar, bayan ya biya kuɗin mota mai yawa ya kwana a garin da bai san kowa ba. A ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa. A farkon 2023, da aka canja takardun Naira kuɗi suka yi ƙaranci, aka ce jama'a su koma tura kuɗi ta waya, a kasuwannin da sai an hau tudu ake samun sabis. A watan Oktoba na 2024 kuma, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama suka yi kwanaki a cikin duhu, birnin Kano ma ya ɗanɗana abin da ƙauye ya saba da shi, ya kuma gane cewa shi ma a ƙarshen layin wani yake.

Ba a rasa harsashi ba. Jihar Kano ce ta kafa makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, shekarar da wancan wasa ya fito, kuma sun yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa. Akwai kwalejin koyon sana'a ta gwamnati a Bagauda. Sai dai likita da injiniya birni suke zama. Wanda yankin ya fi ƙishirwarsa shi ne mutumin tsakiya: mai gyaran famfon tuƙa-tuƙa, mai haɗa wayar sola, mai kula da firjin allurar rigakafi a asibitin karkara. Irin wannan ma'aikaci ba a yanka kintinkiri a kansa, saboda haka ba ya cika fitowa a kasafin kuɗi. Duk ma'aikacin da ya taɓa shirya takardar kasafi ya san cewa kuɗin sayen sabon abu ya fi saurin samun sa hannu a kan kuɗin kula da tsohon.

Gyaran tsarin mulki da sabuwar Dokar Lantarki na 2023 sun ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakokinsu, abin da a da yake hannun Gwamnatin Tarayya. Ke nan yanzu Majalisar Dokokin Jiha da ma'aikatun da abin ya shafa suna da hurumin yanke ko za a ware wani kaso na wutar Tiga ga garuruwan Bebeji da Tudun Wada da ke bakin ruwan, da kuma ko za a sa sharaɗi a kowace kwangilar sola ko rijiyar burtsatse cewa sai ɗan kwangila ya horar da mutum biyu daga garin, ya bar musu kayan aiki, kafin a biya shi kason ƙarshe na kuɗinsa.